Akwai Mai Saurare a Layi Na Biyu

Ku yi mini uzuri, masu karatu, yau hankalina ba a kwance yake ba. In kun ga labarin yana tuntuɓe, ku bi ni a hankali.

Ga waɗanda yau ne shigowarsu ta farko, sunana Otilia, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar garin Bacau, kuma ni ce muryar da ke cewa "Barka da war haka, ina za ku?" duk wanda ya kira kamfanin babana. Bas uku gare mu, masu kai mutanenmu 'yan ci-rani Torino ta Italiya bi da bi duk Alhamis, su juyo da wasu ranar Lahadi. Shekara ashirin da biyu Tata, haka muke kiran Baba, yana kan wannan hanya. Ba ma talla a rediyo, ba mu da allo a bakin titi. Lambar wayarmu ita ce komai namu, tana rubuce a bangon kicin ɗin rabin ƙauyukan da ke kewaye da mu.

To ranar Litinin wayar nan ta yi shiru.

Ranar Litinin fa, wadda kafin in kurɓi kofi sau biyu an kira sau goma. Na zauna da abin saurare a kunne, na gyara takardu, na goge tebur, na sake gogewa. Tara ta yi, goma ta yi. Na ɗaga kan wayar, lafiya lau take. Na kira Mama a gida, ya shiga, har ta tambaye ni ko na sa rigar sanyi. Na ce wa kaina ƙila mutane sun tafi cire dankali, lokacinsa ne.

Wajen goma da rabi aka banko ƙofa. Tanti Aurica ce, wato Gwaggo Aurica, tsohuwar da ta yi shekara goma tana aika wa ɗanta kaya ta motarmu. Ta dire jakar kwalaben yajin gauta a kan teburina har suka yi ƙara.

"Ke 'yar Costache, haka ake yi? Mota ta lalace ba za a gaya wa mutum ba sai ya gama dafe-dafe?"

"Wace mota, Tanti?"

"Ta Alhamis mana! Da safen nan na kira ku. Wani namiji ya ɗauka, mai ladabi, ya ma fi ki ladabi. Ya ce kun soke tafiya sai wata mai zuwa, ya ba ni wata lamba in kira. Ni kuwa na ce sai na zo na ji daga bakin Costache."

"Tanti, babu namiji a ofishin nan. Ni kaɗai nake ɗaukar waya."

"To aljani na yi magana da shi?"

Na zaro wayata daga jaka, ina tsaye a gaban wayar ofis na danna lambarmu. A kunnena ina jin tana ringi. A kan tebur kuwa ko ƙyaftawa fitilarta ba ta yi ba. Ringi na uku aka ɗauka. Muryar namiji, a natse, ta ambaci sunan kamfaninmu, sannan ta ce, "Barka da war haka, ina za ku?"

Gaisuwata. Har yadda nake jan ƙarshenta.

Na kashe. Ban san sanda na zauna ba. Tanti Aurica ta zana gicciye a ƙirjinta ta ce, "Yarinya, kin yi fari fat."

Na ruga gareji na kira Tata. Ya shigo yana goge baƙin mai da tsumma, na sake kiran lambar na sa masa a kunne. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙo mini wayar, sannan ya nuna baƙin akwatin da ke saman kabad, mai 'yan fitilu kore.

"Cire wannan shaiɗanin abu! Tun farko na ce ba na so. Waya mai igiya shekara ashirin ba ta taɓa cin amanata ba. Ku kuka ce sai ta intanet, sai ta intanet!"

"Tata, zauna. Ka sha maganinka?"

"Kar ki yi mini maganar magani!"

Ana haka Mama ta iso da abincin rana a kwando, miyar tsami da burodi. Kafin a gama ba ta labari ta riga ta yanke hukunci.

"Kira Horia. Ai shi ya sa aka haɗa muku."

Bari in tuna muku Horia. Ɗan aminin Tata ne, babansa na da manyan motocin ɗaukar kaya goma sha biyar. Shekararsa talatin da biyu, ba ya shan taba, yana sumbatar hannun Mama in ya zo, bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Wata takwas ke nan yana nemana, wata takwas ina cewa ina tunani. A watan Mayu ya yi wa ofishinmu kyautar wannan tsarin waya, layi uku a akwati ɗaya, har direbobi na iya amsa kira daga kan hanya. Mama ta yi mako guda tana ba maƙwabta labari.

Ba laifinsa nake gani ba. Kawai in yana magana agogo nake kallo.

"Mama, ba aikinsa ba ne. Na san wanda ya iya."

"Wa?"

"Tiberiu. Ɗan malamar da ta koya mini lissafi. Aikinsa ke nan, tsare wayoyin kamfanoni."

Mama ta kalle ni irin kallon nan nata da ke ratsa riga. Na sunkuya ina neman biro a ƙarƙashin tebur, biron da bai faɗi ba. Ku kun sani, ita ba ta sani ba: wata uku ke nan kullum da rana in an fita cin abinci nake kiran Tiberiu. Ba da wayata ba, don Mama ba ta jin kunyar leƙa fuskarta in saƙo ya shigo. Da layin ofis nake kira, layi na biyu, nawa.

Na tura masa: *Ka zo yanzu don Allah. Wani yana amsa kiranmu.*

Ya amsa nan take: *Kar ku taɓa komai, kar ku kashe akwatin. Minti ashirin.*

Sai kuma: *Kin ci abinci?*

Ko a wannan hali sai da na yi murmushi, na yi maza na haɗiye shi.

Ya zo da jakarsa a baya, riga mai gida-gida, gashi kamar an kore shi daga barci. Ya gaida Tata da "Domnul Costache", wato Malam Costache, ya gaida Mama, ni kuwa ya ce mini "Sannu, Otilia" kamar wanda rabonsa da ni tun makaranta. Mama ta kalli takalminsa, ta taɓe baki.

Ya zauna a kujerata, ya jona kwamfutarsa. Bai yi minti biyu ba ya ɗago.

"Wa ya ba ku kalmar sirrin shiga akwatin nan?"

Na ɗaga kalandar tebur na nuna masa 'yar takarda rawaya da aka manna a ƙasa. Ya karanta, ya rufe ido.

"Wannan ita ce kalmar da akwatin ya zo da ita daga masana'anta. Duk wanda ya san sunan akwatin zai same ta a intanet cikin minti ɗaya. Kuma shafin da ake sarrafa shi a buɗe yake ga duniya, daga ko'ina ana iya shigowa." Ya juyo da kwamfutar wajen Tata. Layuka ne jere, ba iyaka. "Kowane layi a nan, wani ne ya gwada shiga. Dubu goma sha ɗaya a mako guda."

"Mutum dubu goma sha ɗaya?" Mama ta dafe ƙirji. "Me muka yi musu?"

Ya juyo wajen Mama. "Yawancinsu ba mutane ba ne, Tanti. Na'urori ne da masu kutse ke saki, suna bin gida-gida suna murɗa ƙofa, wadda ta buɗe su shiga. Ba ku suke nema ba musamman. Amma wannan," ya sa yatsa a kan wani layi, "wannan ku yake nema. Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma ya shiga, ya ce duk kiran da ya shigo a karkatar da shi zuwa wata lamba."

"Tun Asabar," Tata ya faɗa a hankali.

Tiberiu ya ɗauki hoton komai ya adana, ya ce 'yan sanda za su buƙata. Sannan ya danna wani abu. Ban ko gama numfashi ba wayar tebur ta ɗau ƙara, layi na ɗaya da na uku lokaci guda. Ban taɓa jin daɗin wannan ƙara ba sai ranar. Na fizgi abin saurare, na ce, "Barka da war haka, ina za ku?"

Daga nan har la'asar ina amsa kira ina ba da haƙuri, shi yana toshe ƙofofi. Ina jin sa da rabin kunne yana yi wa Tata bayani. Ya rufe shafin sarrafawa, ba mai iya buɗe shi sai daga cikin ofis. Ya sa duk wanda ya kuskure kalmar sirri sau uku a toshe shi. Ya hana kiran ƙasashen waje in ban da Italiya da Hungary da motocinmu ke ratsawa. Ya sabunta manhajar akwatin, wadda ba a taɓa ba tun Mayu. Ya sa a riƙa lulluɓe muryoyi a kan hanya, ko an tare su ba za a ji komai ba. Kowane layi da kowane direba ya ba shi sabuwar kalma, kuma in za a canza wani abu sai an turo lamba ta biyu wayata.

"Harafi goma sha shida?" Tata ya riƙe takardar nesa da idonsa. "Sunan kakata da na ƙauyensu a haɗe ba su kai haka ba."

"Haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, Domnul Costache. Za ka riƙe."

"Taya, tafarnuwa, suruka, ciwon kai."

"Uku daga ciki suna da dangantaka," in ji Mama.

Har Tata ya yi dariya. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira. Cikin kujera arba'in da takwas na motar Alhamis, goma sha huɗu sun riga sun koma wajen mai waccan murya, amma sauran na riƙe su.

Da su Mama suka tafi gida, na ga Tiberiu bai naɗe igiyoyinsa ba. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Oti, zo ki zauna."

"Me kuma?"

"Akwai abin da ban faɗa a gabansu ba. Ƙofa biyu ce a akwatin nan. Ta farko ita ce wadda na nuna muku. Ta biyu an ɓoye ta da wani suna, kuma an buɗe ta ne ranar da aka haɗa muku tsarin. Mai ita ba ya lalube, kalmarsa daidai yake sawa tashin farko. Kusan kullum da yamma yana shigowa."

"Yana yin me?"

"An kunna naɗar murya. A layi ɗaya kawai."

Na san wanne ne, layi na biyu, nawa.

Masu karatu, ku tuna duk abin da kuka taɓa faɗa wa wanda kuke so a lokacin da kuka tabbata ba kowa. Na kwaikwayi yadda Horia ke gyara murya kafin ya yi magana. Na ce gidanmu wani lokaci ji nake kamar an ɗora mini filo a fuska. Na rera waƙa, ni da ba ni da murya. Na faɗi wasu kalmomi da ko a nan ba zan rubuta su ba. Duk wannan kunya ce kawai, ana iya rayuwa da kunya.

Amma akwai ranar sha bakwai ga Yuni. Ranar na kira Tiberiu ina kuka, na gaya masa Tata ya yanke jiki ya faɗi a gareji, likita ya ce zuciya ce, ya ce kar ya ƙara tuƙa doguwar hanya. Na gaya masa mun ɓoye wa kowa, kuma har yanzu in direba ya kasa, Tata ne ke hawa ya kai mutane arba'in Torino, ni da Mama mu kwana muna addu'a. Wannan ne ma ya sa Mama ta matsa a kan Horia. Ba kwaɗayi ba ne. So take a haɗa kamfanonin, a sami direbobi, mijinta ya sauka daga kan sitiyari da ransa.

Wannan maganar tana hannun wani.

"Zan rufe ta yanzu," in ji Tiberiu.

"Tsaya." Na riƙe hannunsa, karo na farko da na taɓa yi. "In ka rufe, ba zan taɓa sanin ko waye ba."

"Kin san wanda ya sa aka haɗa."

"Zargi nake, ban sani ba. In na je wa Mama da zargi, cewa za ta yi kai ka kitsa don ka ɓata shi."

Ya shafa kansa. "Ba na son barin ƙofa a buɗe, Oti. Ba haka ake aikin nan ba."

"Kwana biyu kawai."

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Daga baya ya ce zai ɗaure ta yadda mai ita ba zai iya taɓa komai ba sai sauraron layi na biyu, zai ɗauka ba mu gano shi ba. Fasinjoji kuma in koma amsa su a na ɗaya da na uku. Ranar Alhamis da safe, ko na gano ko ban gano ba, zai rufe.

Talata da safe na kai wa 'yan sanda hotunan, suka rubuta, suka ba ni lambar ƙara. Maganar ƙofa ta biyu ban faɗa ba, don in na faɗa za su nemi jin abin da aka naɗa. Da rana na rufe ofis, na ɗauki layi na biyu na kira Tiberiu, muka yi wasan da muka shirya. Na ce masa na sami aiki a garin Iasi, ranar Juma'a zan hau jirgin ƙasa na safe in je ganin ɗaki, kar ya gaya wa kowa. Babu aiki, babu ɗaki. Duk wanda ya ambaci Iasi a gabana, shi ne.

Ina ajiye wayar na ji kamar in wanke kunnena.

Ƙarfe uku saƙon Horia ya shigo: *Mamanki ta ce an yi muku kutse. Me ya sa ba ki kira ni ba? Raina bai ji daɗi ba.*

Na rubuta *An gyara*, na goge. Na rubuta *Na gode da kulawa*, na goge. Daga ƙarshe na tura: *Rikici ne ya yi yawa.*

*Gobe ina zuwa cin abinci, an gayyace ni. Me zan kawo miki?*

*Ba komai.*

*To zan kawo ba komai mai ƙamshi.*

Na daɗe ina kallon saƙon. Mutumin da ke sauraron asirina zai iya yin irin wannan raha? Ko dai don ya saurara ne ya san irin rahar da ke sa ni dariya?

Biyar da rabi Tiberiu ya turo: *Ya shiga. Ya ɗauki na yau.*

Laraba Mama ta tashi da naɗin ganyen kabeji da nama tun da hantsi, ta tuƙa tuwon masara, ta fito da farantan da ba a taɓawa sai bikin Ista. Da na dawo daga ofis na tarar da koriyar rigata mai ɗamara shimfiɗe a kan gado, an goge ta, ga 'yan kunnen kakata a gefe.

"Mama, abinci ne fa kawai."

"Shi ya sa ban ciro miki fara irin ta amare ba. Sa ki saki gashin nan, kullum a ɗaure kamar mai zuwa wankin bene." Ta zo bayana tana ja mini zif, muryarta ta sauka. "Otilia, ba na ce ki so shi yau ba. Amma direban Alhamis ɗin sama ya ce matarsa za ta haihu. Kin san wa zai hau. Ki duba fuskar babanki ki gaya mini tunanin wata nawa ya rage miki."

Na ɗauki 'yan kunnen na sa.

Ƙarfe shida Horia ya iso da farar riga da furanni masu ƙamshi. Ya sumbaci hannun Mama, ya rungumi Tata, ya kife wayarsa a kan tebur kusa da farantina, yadda yake yi kullum don a ga ya ba mu hankalinsa. Na zauna ina fuskantarsa, kowace kalma ta fito daga bakinsa sai na juya ta. Ya yi maganar tsadar man dizal. Ya yaba tuwon. Ya tambaye ni ko ina da wani shiri a ƙarshen mako.

"Babu," na ce.

"To mu je tafki ranar Juma'a da yamma, kafin sanyi ya kama."

Juma'a. Gwada ni yake, ko da gaske bai sani ba? Na zuba masa ido. Shi kuwa miya yake gogewa da burodi hankali kwance.

"Abin nan na waya ya dame ni," ya ce wa Tata. "Kyauta na yi, ta zama masifa. Ni ban ma san mutumin da ya haɗa ba, a ofishinmu aka ba ni lambarsa. Gobe zan bincika. Kuma in kana buƙatar direba, Kawu Costache, ka faɗa kawai, ba sai an jira komai ba." Bai kalle ni ba da ya faɗi haka.

Tata ya gyaɗa kai. Tun da aka zauna bai ci cokali biyar ba. Ana cikin cin kayan zaƙi wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya leƙa, ya mayar, ya ce gishiri ya yi yawa a abincin, alhali Mama ta daina sa masa gishiri tun Yuni.

Horia ya tafi bai ambaci Iasi ba. Mama ta raka shi bakin mota tana cusa masa kwano. Ni na shiga kicin na tara farantai, ban ko cire koriyar rigar ba. Kaina ya yi nauyi. Na bar ƙofa a buɗe kwana biyu a banza, na zargi mutum a banza, ko kuma ya fi ni wayo.

Na ji an rufe ƙofar kicin a bayana. Tata ne. Ya ɗauki tawul ya fara goge faranti, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da aka haife ni. Ya goge ɗaya, ya goge biyu.

"Jirgin safen nan sanyi gare shi," ya ce, idonsa a kan farantin. "In za ki Iasi, ni zan kai ki."

Ruwa na zuba a hannuna, na kasa kashe famfo.

"Tata..."

"Ba zan hana ki ba. Na ji kin ce gidan nan kamar filo a fuska."

"Kai ne? Kai kake saurarona?"

"Ni?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ni da ko hoto ban iya turawa ba? Turo mini ake yi."

Ya zaro wayarsa ya miƙo mini. Lamba ce ba suna. Saƙonnin murya jere, na farko kwana goma sha biyu da suka wuce. Ban buɗe ba, na san kowanne daga kwanan watansa.

"Na farkon kawai na yi niyyar ji," ya ce. "Sai na kasa dainawa. Ban taɓa jin kina dariya haka a gidan nan ba." Ya ajiye tawul ɗin. "Na ji kunyar gaya miki. Na ce in na yi shiru zai gaji."

Na gangara ƙasan jerin saƙonnin. Saƙon ƙarshe ya shigo bakwai saura kwata, daidai lokacin da Horia ke gabana yana yanka kek da hannu biyu, wayarsa a kife kusa da farantina. Muryar sha bakwai ga Yuni ce, ga rubutu a ƙarƙashinta:

*Ka bar hanyar Torino, Costache. In ba haka ba, duk wanda ya taɓa hawa motarka zai ji 'yarka tana faɗin abin da likita ya ce. Ka kira lambar nan gobe ƙarfe goma.*

Na karanta sau uku. Ta taga ina jin Mama tana dariya tana cewa Horia ya gaida gida.

"Zan bar masa," Tata ya ce. "Ba zan bari a yi yawo da muryarki a gari ba."

"Ba za ka bar masa komai ba." Ban san daga ina muryar ta fito ba. "Sitiyari za ka bari. Gobe da safe kai da bakinka za ka gaya wa direbobi da fasinjoji ka daina tuƙi, likita ya hana. In kowa ya sani, me ya rage masa ya sayar?"

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

"Shekara ashirin da biyu, Otilia."

"Na sani, Tata."

Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon tafin hannuwansa. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya, ƙanƙani, wanda in ba ka san shi ba ba za ka gani ba.

Na goge hannuna a jikin koriyar rigar, na ɗauki hoton saƙon na tura wa Tiberiu, na rubuta: *Gobe tara ka same ni wajen 'yan sanda da duk abin da ka adana. Har da na Yuni.*

Amsarsa ta zo kafin in ajiye wayar: *Zan zo. Amma Oti, lambar nan na taɓa ganinta. Kar ki nuna wa kowa a gidanku sai mun haɗu.*

Hannun ƙofar kicin ya motsa.

"Me kuke ƙullawa ku biyu kuka rufe ƙofa?" in ji Mama.

Na kife wayar Tata a cikin aljihun rigata, na ce, "Shigo, Mama. Zauna. Tata yana da magana."